Bill Simmons da iyakar 'yancin marubucin wasanni a Amurka

A ranar 8 ga watan Mayun 2015, John Skipper, shugaban tashar wasanni ta ESPN a wancan lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa kamfaninsa ba zai sabunta kwantiragin Bill Simmons ba idan wa'adinsa ya cika a watan Satumba. Simmons shi ne marubucin wasanni da ya fi kowa masu karatu a Amurka a lokacin, ya shekara goma sha huɗu yana yi wa tashar aiki, kuma rahotanni sun ce albashinsa ya kai kimanin dala miliyan 5 a shekara. Duk da haka, kamar yadda shi da kansa ya faɗa daga baya, a shafin Twitter ya fara ganin labarin rabuwar. Nan take muhawara ta ɓarke tsakanin 'yan jarida da masu bibiyar wasanni a kan inda zai nufa, da kuma ko akwai gidan da zai iya biyansa irin waɗannan kuɗi ya kuma sakar masa mara ya faɗi abin da ya ga dama. Yanzu da aka haura shekara goma, ana iya duba abin da ya biyo baya a tsanake, domin labarinsa ya nuna ainihin inda 'yancin marubucin wasanni yake fitowa, da kuma abin da ake bayarwa kafin a same shi.

Sai an san yadda ya yi suna kafin a gane dalilin rikicin. Simmons ɗan jihar Massachusetts ne, an haife shi a 1969, kuma bai bi hanyar da marubutan wasanni suka saba bi ba. A al'adar jaridun Amurka, matashi kan fara ne da rahoton wasannin makarantun sakandare, ya daɗe yana bin ƙungiya guda daga gari zuwa gari, yana shiga ɗakin canza kaya yana ɗaukar maganar 'yan wasa, sannan idan ya yi furfura a aikin a ba shi fili nasa na faɗin ra'ayi. Simmons ya ɗanɗana matakin farko a jaridar Boston Herald, ya ga layin ya yi tsawo, ya bari. A 1997 ya samu fili a wani shafin kamfanin intanet na AOL da aka ware wa birnin Boston, yana rubutu da laƙabin Boston Sports Guy, a daidai lokacin da yake aikin dare a mashaya domin ya ciyar da kansa. Abin da ya bambanta shi shi ne bai taɓa yin kamar ba shi da ɓangare ba. Ya fito fili a matsayin mai goyon bayan ƙungiyoyin Boston, wato Celtics da Red Sox da Patriots, yana rubutu daga kujerar ɗan kallo, yana cakuɗa wasa da fina-finai da raha da wasiƙun masu karatu, kuma maƙalarsa guda takan kai dubban kalmomi, abin da babu jaridar takarda da za ta ɗauka. A 2001 ESPN ta ɗauke shi.

Wannan salo yana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba da farko. Ɗan jaridar da yake dogara da shiga ɗakin 'yan wasa yana da abin tsoro, domin idan ya caccaki mai horarwa yau, gobe zai je a ƙi yi masa magana, aikinsa ya tsaya. Wanda yake rubutu daga falon gidansa ba ya neman izinin kowa a ƙungiyar, saboda haka ba a iya hukunta shi ta wannan hanyar. Simmons ya shigo ESPN da wannan 'yancin a hannunsa, kuma masu karatunsa saboda shi suka biyo shi. Matsalar ita ce gidan da ya shiga ba gidan jarida ba ne zalla.

ESPN, wadda mafi yawan hannun jarinta na kamfanin Disney ne, tana rayuwa ne a kan haska wasanni kai tsaye. Tana sayen izinin nuna wasannin manyan gasanni da biliyoyin daloli, sannan ta karɓi kuɗi daga kamfanonin talabijin na biyan kuɗin wata a kan kowane gida da tashar take shiga, ko mutanen gidan suna kallonta ko ba sa kallo. A wajajen 2011 tana shiga gidaje kusan miliyan 100, kuma zuwa 2015 abin da take karɓa a kan kowane gida ya haura dala 6 a wata, ban da kuɗin talla. Ginshiƙin wannan ciniki shi ne gasar NFL, wato ƙwallon ƙafa irin na Amurka da ake ɗauka a hannu a ruga, wanda babu wasan da ya kai shi farin jini a ƙasar. A 2011 ESPN ta sanya hannu a yarjejeniyar dala biliyan 15.2 na shekara takwas domin ta ci gaba da nuna wasan daren Litinin na gasar, kimanin dala biliyan 1.9 ke nan a shekara. Idan aka ajiye albashin Simmons a gefen wannan adadi, za a ga wanda ya fi nauyi a ma'aunin shugabannin kamfanin ba tare da dogon lissafi ba. Tashar tana da 'yan jarida na ƙwarai da sashen bincike mai ƙarfi, amma hukumomin da ake so su bincika su ne abokan cinikinta mafi girma. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai a nan ESPN ce take biyan kuɗin, kuma duk da haka ita ce take lallaɓa NFL, saboda gasar tana da masu saye da yawa, tashar kuwa ba ta da wata NFL ta biyu.

An ga alamar hakan tun kafin rikicin Simmons. A watan Agustan 2013 ESPN ta janye sunanta daga wani shirin bincike da take yi tare da shirin Frontline na tashar PBS a kan raunin ƙwaƙwalwa da 'yan wasan NFL suke samu, alhali 'yan jaridarta biyu ne suka jagoranci binciken. Kamfanin ya ce ya janye ne saboda ba shi da ikon tace abin da za a watsa, New York Times kuwa ta ba da rahoton cewa matsin lamba daga NFL ne ya jawo janyewar, abin da hukumar gasar ta musanta.

Ya kamata a yi wa ESPN adalci, domin ta ba Simmons abin da babu marubucin wasanni da ya taɓa samu a gabansa. A 2007 ya fara shirin murya da ake saukewa ta intanet, wato fodkas, mai suna The B.S. Report, tun kafin yawancin mutane su san da irin wannan kafa. Shi da Connor Schell suka ƙirƙiro jerin fina-finan tarihin wasanni na 30 for 30 da aka fara nunawa a 2009, inda aka bai wa daraktoci masu zaman kansu dama su ba da labari yadda suke so. A watan Yunin 2011 kamfanin ya zuba kuɗi ya buɗe masa mujallar intanet tasa, Grantland, wadda aka raɗa wa sunan tsohon marubucin wasanni Grantland Rice, ya zama babban edita, ya ɗauki marubutan da ya ga dama. A nan ne irin su Zach Lowe da Bill Barnwell suka yi fice da dogon nazarin dabarun wasa, kuma a nan Wesley Morris, wanda ya ci kyautar Pulitzer a sharhin fina-finai, ya zo ya yi aiki. Duk wanda ya ce an ɗaure Simmons a ESPN bai faɗi gaskiya ba. An ba shi 'yancin salo, da 'yancin tsawon rubutu, da 'yancin zaɓen mutane. Abin da ba a ba shi ba shi ne 'yancin taɓa tushen kuɗin gidan da kuma 'yancin sukar gidan a bainar jama'a, kuma a kan waɗannan biyun aka yi ta hukunta shi. An hana shi amfani da Twitter na mako biyu a 2009 saboda ya zagi wani gidan rediyon Boston da yake hulɗa da ESPN, aka sake hana shi a 2013 bayan ya kushe shirin muhawara na First Take na tashar kanta.

Babban karon ya zo a watan Satumban 2014. Ray Rice, ɗan wasan ƙungiyar Baltimore Ravens, ya naushi budurwarsa har ta suma a cikin lif ɗin wani gidan caca a Atlantic City a watan Fabrairun shekarar, kuma shugaban NFL Roger Goodell ya dakatar da shi na wasa biyu kacal. Da shafin TMZ ya fitar da bidiyon abin da ya faru a cikin lif ɗin, ƙasa ta ɗauki zafi, Goodell ya ce babu wanda ya ga bidiyon a ofishinsa kafin lokacin. Simmons ya hau fodkas ɗinsa ya kira Goodell maƙaryaci, ya haɗa da ashar, sannan ya ƙalubalanci shugabanninsa da su hukunta shi idan sun isa. Suka dakatar da shi na mako uku, mutane kuwa suka yi ta nuna cewa hukuncin marubucin ya fi na farko da aka yanke wa wanda ya yi dukan tsawo.

A ganina ɓangarorin biyu kowa yana da rauni a wannan batu, kuma masu ɗaukar Simmons a matsayin gwarzon faɗin gaskiya sukan tsallake nasa raunin. Kiran mutum maƙaryaci zargi ne da yake buƙatar hujja, shi kuwa bai kawo wata sabuwar hujja ba, kuma binciken da tsohon shugaban hukumar FBI Robert Mueller ya gudanar, wanda aka fitar a watan Janairun 2015, bai gano shaidar cewa NFL ta ga bidiyon tun farko ba, ko da yake ya zarge ta da sakaci wajen bincike. Kowane edita yana da haƙƙin ya ce wa marubucinsa ya kawo hujja ko ya sassauta harshe. Amma ESPN gida ne da ake ihu da zarge-zarge marasa hujja a kan 'yan wasa kullum safiya ba tare da an dakatar da kowa ba, saboda haka yana da wuya a yarda cewa ƙa'idar aikin jarida ce kaɗai ta motsa ta a ranar da zargin ya faɗa kan shugaban NFL. Kwana guda kafin sanarwar Skipper a watan Mayu, Simmons ya sake caccakar Goodell a shirin rediyon Dan Patrick, wanda ba na ESPN ba ne.

Akwai kuma lissafin kuɗi da ya zo daidai da lokacin. Amurkawa sun fara yanke talabijin na biyan kuɗin wata suna komawa kallo ta intanet, gidajen da ESPN take shiga suna raguwa da miliyoyi, kuɗin izinin haska wasa kuwa yana ta hauhawa. A bazarar 2015 ɗin masu gabatar da shirye-shirye Keith Olbermann da Colin Cowherd su ma suka bar tashar, a watan Oktoba aka sallami ma'aikata kimanin 300, a ranar 30 ga watan kuma aka rufe Grantland, bayan editocinta huɗu sun ajiye aiki sun bi Simmons. Wannan rufewar ta bayyana wani abu da ya fi dakatarwar mako uku muhimmanci. Mujallar da ake yaba wa a matsayin mafakar marubuta ta rayu ne a ƙarƙashin inuwar mutum guda da yardar shugaba guda, kuma da suka ɓata ba ta cika wata shida ba.

Abin da ya biyo baya bai tafi yadda masu hasashe suka zata ba. Yawancinsu sun ɗauka talabijin ce makomarsa, kuma a watan Yulin 2015 ya ƙulla yarjejeniya da HBO, tashar da ba ta dogara da talla, wadda kuma ba ta nuna wasannin NFL kai tsaye, wato wurin da zai iya faɗin komai. Shirinsa na mako-mako, Any Given Wednesday, ya fara a watan Yunin 2016, aka soke shi a watan Nuwamba saboda ƙarancin masu kallo. An ba shi cikakken 'yanci a kafar da ba ta dace da shi ba, kuma 'yancin bai hana shirin mutuwa ba. Abin da ya cece shi shi ne fodkas. Ya buɗe sabon fodkas da sunansa tun a watan Oktoban 2015, masu saurarensa suka biyo shi kusan gaba ɗaya, ya kafa kamfanin The Ringer a 2016, ya gina jerin shirye-shiryen murya masu yawa a kan wasanni da fina-finai da waƙa. Jaridar Wall Street Journal ta ba da rahoton cewa tallan waɗannan shirye-shirye ya kawo wa kamfanin fiye da dala miliyan 15 a 2018, kuma a watan Fabrairun 2020 Spotify, kamfanin sauraron waƙa da fodkas ta intanet, ya saye shi a kan kuɗin da aka ce ya kai kusan dala miliyan 200.

Dalilin wannan nasara a fili yake. Mai kallon ESPN ya zo ne saboda wasa, ko da wa aka sa a gaban kyamara zai kalla, shi ya sa tashar take iya sallamar duk wanda ta ga dama. Mai sauraron fodkas kuwa muryar mutum guda ya zaɓa ya sa a kunnensa na awa biyu, sau uku a mako, kuma idan mutumin ya canza gida zai bi shi. Dangantakar tana tsakanin mai magana da mai sauraro ne, kamfani ba shi da wani abin riƙewa a ciki, kuma kuɗin kafa shirin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na talabijin. Wasu sun ga hanyar sun bi. Mai gabatar da shiri Dan Le Batard ya bar ESPN a farkon 2021 ya kafa kamfani tare da Skipper ɗin da ya sallami Simmons. Pat McAfee, tsohon ɗan wasan NFL, ya gina shirinsa a YouTube, sannan a 2023 ya ba ESPN hayarsa a kan kuɗin da aka ce ya kai dala miliyan 85 na shekara biyar, ya riƙe ikon abin da ake faɗa a ciki, har ya taɓa kiran sunan wani babban jami'in tashar a kan iska ya zarge shi da yi wa shirinsa zagon ƙasa, ba a dakatar da shi ba. Abin da ya jawo wa Simmons hukunci a 2014 ya zama abin da ake haƙuri da shi bayan shekara goma, domin McAfee ya zo da nasa jama'ar, ba a tashar ya same su ba.

Sai dai wannan 'yanci yana da farashi, kuma farkonsa shi ne rubutun kansa. Mutumin da ya yi suna da alƙalami, wanda littafinsa na tarihin ƙwallon kwando na 2009 ya hau saman jerin littattafan da aka fi saye, yau da ƙyar yake rubutu. Maƙala mai kalmomi dubu takwas takan ci kwanaki, hira ta awa biyu kuwa ana gama ta a zama ɗaya, kuma ta fi kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Amma rubutu yana tilasta wa mutum ya auna maganarsa, edita ya duba, a gyara, a cire abin da ba shi da tushe, hirar baka kuwa ba ta da wannan tankaɗen. A nan nake ganin asara ta gaske ga masu karatu, domin kasuwa ta koya wa marubutan da suka fi hazaƙa cewa hanyar samun 'yanci ita ce su daina rubutu.

Farashi na biyu shi ne sabon ubangida. A watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni, kamfanonin caca suka shigo da kuɗin talla mai yawan gaske. The Ringer yana da alaƙar kasuwanci da kamfanin caca na FanDuel, kamfanin Le Batard ya fara ne da kuɗin wani kamfanin cacar, DraftKings, ESPN ma ta sa sunanta a kan manhajar caca a 2023. Mai shirin da zai iya kiran shugaban NFL maƙaryaci yau ba tare da fargaba ba, da wuya ya ware awa guda ya binciki yadda cacar waya take cinye albashin matasa, alhali a tsakiyar shirinsa yake karanta tallanta. Babu wanda ya aiko masa da takardar gargaɗi, ba a kuma buƙatar a aiko.

Abu na uku ya shafi sauran marubuta, waɗanda ba su da miliyoyin mabiya. Simmons ya tashi daga ma'aikaci ya zama mai gida, kuma a watan Agustan 2019 ma'aikatan The Ringer suka kafa ƙungiyar ƙwadago suna neman ingantaccen albashi da kariya, irin buƙatun da ake gabatar wa kowane kamfani. A wasu wuraren abin ya fi muni. A watan Oktoban 2019 sababbin masu shafin wasanni na Deadspin suka umarci marubuta su tsaya a kan wasanni kaɗai, aka kori editan da ya ƙi bin umarnin, sauran ma'aikatan suka ajiye aiki cikin 'yan kwanaki. New York Times ta sayi shafin wasanni na The Athletic a kan dala miliyan 550 a 2022, a shekarar da ta biyo baya ta rushe nata sashen wasanni. Mujallar Sports Illustrated, wadda a da ita ce burin kowane marubucin wasanni a Amurka, ta faɗa cikin abin kunya a 2023 bayan an gano rubuce-rubuce a shafinta ɗauke da sunayen marubutan da babu su. Shi kansa Zach Lowe, wanda da yawa suke ɗauka a matsayin wanda ya fi kowa iya nazarin ƙwallon kwando, ESPN ta sallame shi a watan Satumban 2024, ya koma wajen Simmons a 2025 a matsayin mai fodkas.

Tsofaffin ma'aikatan Deadspin sun gwada wata hanya dabam. A 2020 suka kafa Defector, shafin da ma'aikata ne suka mallake shi, wanda mafi yawan kuɗinsa daga masu karatu yake fitowa kai tsaye. Babu wanda ya zama attajiri a cikinsu, amma shafin yana nan, suna rubutu, kuma ba su da abokin ciniki a cikin hukumomin gasa da za su ji nauyinsa. Sharaɗin wannan hanya shi ne a samu dubban mutane da suka yarda su biya kuɗin karatu duk wata, su kuwa sun same su ne saboda sunan da suka riga suka yi a gidan da suka bari. Matashin da yake farawa yau ba shi da wannan jarin, gidajen da ake yin suna a cikinsu kuma suna ta raguwa.

Ita kuwa ESPN, a watan Agustan 2025 ta sanar da yarjejeniyar karɓar tashar NFL Network da wasu kadarorin watsa labarai na gasar, a madadin haka NFL ta mallaki kashi 10 cikin ɗari na ESPN. Shugabannin ɓangarorin biyu sun ce hakan ba zai shafi aikin 'yan jaridar tashar ba. A 2014 ana gardama ne a kan ko ESPN tana jin tsoron ɓata wa abokiyar cinikinta rai, yanzu kuwa ɗan jaridar da zai binciki Roger Goodell zai binciki wakilin masu hannun jari ne a kamfanin da yake biyansa albashi.